Karen Masunta na Newfoundland da Jikansa Labrador: Tarihi da Siffofi

Gabatarwa

A harshen Hausa idan aka ce "karen ruwa", ba kare ake nufi ba. Suna ne na wata dabba mai gajerun ƙafafu da wutsiya mai kauri, wadda take zama a bakin kogi tana cin kifi. Haka nan "karen mota" mutum ne, wato yaron direba. Shi kuwa kare na ainihi, Bahaushe ya san shi da farauta da gadin gida da bin garke wajen kiwo, kuma duk a kan tudu ake yin waɗannan ayyuka. Ko karin maganar nan da ake cewa "karen bana shi ke maganin zomon bana", da zomo ta haɗa shi.

Sai dai akwai wuraren da kare ya zama abokin aikin masunci, yana shiga jirgi tare da shi, yana faɗawa ruwa idan an umurce shi. Wannan takarda za ta duba tarihin ɗaya daga cikin irin waɗannan karnuka, wato karen St. John's na tsibirin Newfoundland da ke gabashin Kanada, tare da jikansa da duniya ta sani da suna Labrador. Abin lura a tarihin shi ne, sanyin ruwa ne ya sa masunta suka tayar da wannan iri, kuma da aikin ya ƙare sai irin ya ɓace a garinsu, alhali jininsa ya bazu a duniya yana wasu ayyukan dabam.

Dalilin da ya sa masuntan Hausa ba su nemi kare ba

Kafin a tafi Kanada, yana da kyau a fara da masuntan da mai karatu ya fi sani. Bayan da Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a zuwa gabas. A 1906 suka isa bakin Shuɗin Kogin Nilu a ƙasar Sudan, inda daga baya aka kafa garin Mai Wurno a kudu da Sinnar. Masu tafiya aikin hajji a ƙasa su ma da yawansu sun yada zango a wannan yanki, zangon ya zama zama. Wasu suka kama aiki a gonakin auduga na Jazira bayan an gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, wasu kuma suka riƙe sana'ar da suka zo da ita daga gida, wato su. An san Hausawa da kamun kifi a wannan kogi da tafkunan da madatsun Sinnar da Rusairis suka tara.

Kayan aikin masuncin Hausa sanannu ne: kwalekwale da filafili, taru da koma, ƙugiya da gora. Kare ba ya cikinsu. Dalili na farko a fili yake. Ruwan Nilu, kamar ruwan Gulbin Kabi, ruwa ne da mutum zai iya shiga da kansa. Wanda ya taɓa ganin bikin kamun kifi na Argungu ya ga dubban mutane sun faɗa ruwa lokaci guda, kowa da homarsa da gorarsa. Idan igiya ta kuɓuce, yaro zai yi nutso ya ɗauko ta. Dalili na biyu shi ne kada. Tun zamanin Rumawa marubuta suke ba da labarin cewa karnukan Masar a guje suke shan ruwan Nilu don tsoron kada. Ko labarin bai tabbata yadda aka faɗe shi ba, hikimar da ke cikinsa gaskiya ce: karen da yake son ruwa a irin wannan kogi ba zai daɗe ba.

Saboda haka karen da wannan yanki ya tayar na gudu ne. Misalinsa shi ne karen Buzaye na Azawak a tsakanin Nijar da Mali, siriri mai dogayen ƙafafu da gajeren gashi, wanda ake iya ƙirga haƙarƙarinsa ko yana cikin ƙoshin lafiya. An yi shi ne don zafi da fili. Karen da za a yi bayani a kansa yanzu kishiyarsa ne ta kowace fuska.

Tsibirin kifi da ƙanƙara

A 1497 wani matuƙin jirgin ruwa mai suna John Cabot ya tashi daga Bristol a Ingila ya ƙetare Tekun Atlantika. Labarin da ya bazu bayan dawowarsa shi ne, kifi ya yi yawa a can har ana iya kama shi da kwando idan an sa masa dutse an zura shi a ruwa. Kifin da ake magana shi ne kod, irin busasshen kifin nan mai tauri kamar itace da ake shigo da shi kasuwannin Nijeriya daga Norway. Daga nan masunta daga Ingila da Faransa da Fotugal da Ireland suka riƙa zuwa kowace shekara. Suna kama kifin, su tsaga shi, su zuba masa gishiri, su shanya, sannan su kai Turai. Sannu a hankali wasu suka zauna, suka kafa ƙananan ƙauyuka a lungunan gaɓar teku, waɗanda ba a isa gare su sai ta jirgi.

Ruwan wannan wuri daga arewa mai nisa yake gangarowa. A wasu watanni sanyinsa yana kusa da digiri 0, kuma manyan duwatsun ƙanƙara suna wucewa ta gaban ƙauyukan a kan ruwa. Mutumin da ya faɗa irin wannan ruwa, cikin 'yan mintoci hannuwansa za su daina riƙe abu. To amma aikin su bai san wannan ba. Ana kama kod da igiya da ƙugiya, kuma sau da yawa kifi yakan kuɓuce daidai lokacin da aka jawo shi bakin jirgi. Igiya takan faɗa ruwa. Akan so a miƙa bakin taru zuwa gaɓa, ko daga wani jirgi zuwa wani. Abin da yaro yake yi wa masuncin Mai Wurno, a nan sai kare.

Masunta sun zo da karnuka iri-iri daga ƙasashensu, suka gauraya a tsibirin. Babu wanda ya rubuta sunan uwa ko uba, kuma babu wanda ya damu da kyan gani. Wanda ya iya aiki aka ci gaba da ciyar da shi, wanda bai iya ba aka rabu da shi. Da haka iri biyu suka fito. Akwai babba mai dogon gashi, wanda aka fi amfani da shi wajen jan itacen wuta a kan ƙanƙara lokacin hunturu, shi ne ake kira Newfoundland har yau. Akwai kuma ƙarami mai gajeren gashi, wanda aka laƙaba wa sunan babban birnin tsibirin, St. John's. Yawanci baƙi ne, da fari a ƙirji da haɓa da ƙafafu.

Matafiya sun bar bayani a kansa. William Cormack, wanda ya ratsa tsibirin a ƙasa a 1822, ya lura cewa masunta sun fi son mai gajeren gashi, domin mai dogon gashi idan ya fito daga ruwa sai ƙanƙara ta daskare a jikinsa ta yi masa nauyi. Wani masanin duwatsu mai suna Joseph Jukes, wanda ya zagaya tsibirin a 1839 da 1840, ya ga wani kare a gidan masunci George Harvey yana kamun kifi don kansa. Yakan zauna a kan dutse yana kaɗa farar ƙafarsa a cikin ruwa, idan kifi ya matso sai ya yi nutso ya cafke shi. Yakan tara 50 ko 60 a rana a wuri guda, kuma ba ya ci. Wannan gida na Harvey ya riga ya yi suna tun 1828, lokacin da jirgin Despatch, mai ɗauke da 'yan ƙaura daga Ireland, ya bugi dutse kusa da ƙauyensu. Harvey da 'yarsa Ann mai shekara 17 da ƙaninta suka fita da ƙaramin jirgi, amma igiyar ruwa ta hana su matsawa. Karensu ne ya shiga ya ɗauko itacen da aka ɗaura wa igiya, kuma da wannan igiya aka ceci fiye da mutum 150.

Siffofinsa

Duk wata siffa ta wannan kare, idan aka bi ta, za a tarar amsa ce ga wata matsala ta aiki, kuma Labrador na yau ya gaje su kusan duka. Gashinsa ninki biyu ne. Na ciki laushi ne da shi, ga shi a cunkushe, yana riƙe ɗumi. Na waje gajere ne mai ɗan kaushi da maiƙo, ruwa ba ya ratsa shi da sauƙi, shi ya sa idan ya girgiza jiki sau ɗaya sai ya kusa bushewa. Tsakanin yatsunsa akwai fata mai faɗi. Kowane kare yana da irin wannan fata, amma tasa ta fi fitowa, tana yi masa aikin da ƙafar agwagwa take yi mata. Wutsiyarsa kakkaura ce a gindi, tana sirancewa zuwa ƙarshe, kuma da ita yake juya jiki a ruwa kamar yadda mai kwalekwale yake karkata shi da filafili. Abin sha'awa ga ɗalibin harshe shi ne, masu kiwonsa a Ingila suna kiran wannan wutsiya da sunan dabbar nan da Hausawa ke ce wa karen ruwa. Ke nan harsunan biyu sun haɗu a wuri ɗaya, kowanne ta hanyarsa: Bahaushe ya ga dabbar ya tuna kare, Bature ya ga karen ya tuna dabbar.

Akwai kuma abin da ake kira taushin baki. Karen da zai ɗauko kifi ko tsuntsu dole ya riƙe shi ba tare da ya huda shi da haƙori ba, kuma ya sake shi a hannun mai shi. Wannan hali ya saɓa wa abin da ake so ga karen farautar zomo, wanda aikinsa shi ne ya kama ya kashe. Girmansa matsakaici ne. Labrador na yau yana da nauyin kilo 25 zuwa 36, tsayinsa a kafaɗa bai cika wuce santimita 57 ba a ma'aunin Ingila. Karen jirgi ba a so ya yi girman da zai kifar da jirgin idan ana jawo shi ciki.

Sai dai abin da ya fi duk waɗannan muhimmanci shi ne hali. Kare ne da aka zaɓa shekara da shekaru don ya zauna a ƙaramin wuri tare da mutane, ya jira umarni, ya tafi ya dawo. Ba shi da zafin rai, kuma ba ya ƙyamar baƙo. Wanda ya saye shi don gadin gida ya yi asarar kuɗinsa.

Daga jirgin masunta zuwa gidan sarauta

Garin Poole da ke kudancin Ingila yana cikin manyan tashoshin cinikin kifin Newfoundland, kuma jiragen da ke kawo kifi sukan zo da karnuka. A farkon ƙarni na 19 wani basarake mai riƙe da sarautar Malmesbury, na biyu a jerin gidan, wanda gidansa ke kusa da Poole, ya fara sayensu don farautar agwagin ruwa a fadamun ƙasarsa. A 1814 Kanar Peter Hawker, wani mashahurin maharbi, ya yabi irin a littafinsa, ya ce babu kamarsa wajen nemo tsuntsun da aka harba. A Scotland kuma gidan sarautar Buccleuch ya fara kiwonsu a shekarun 1830.

Zamanin ya dace da su. A rabin ƙarshe na ƙarnin aka samu bindigar da ake ɗurawa ta baya cikin sauri, harbin tsuntsaye ya zama wasan masu hannu da shuni. Akan sa talakawa su kora tsuntsaye zuwa inda maharba ke tsaye, a kashe ɗaruruwa a yini. Wani ne zai tsinto su daga ruwa da ciyawa, kuma karen da ya saba tsinto kifi bai sha wahalar koyon wannan ba. Daga nan ne kalmar da ake haɗawa da sunansa a Ingilishi ta samo asali, wadda ma'anarta ita ce mai ɗaukowa.

A farkon shekarun 1880 irin ya kusa ƙarewa a gidan Buccleuch. Sai Malmesbury na uku, wanda ya taɓa zama ministan harkokin wajen Ingila har sau biyu, ya ba su kyautar wasu daga cikin nasa. Biyu daga ciki, Ned da aka haifa a 1882 da Avon da aka haifa a 1885, su ake ɗauka a matsayin kakannin Labrador na zamani. A wata wasiƙa ta 1887 wannan basarake ya ambata cewa a gidansu Labrador suke kiran karnukan, sunan kuwa ya bi su. Sunan kuskure ne ta fuskar ƙasa, domin Labrador yanki ne na babban tudu a arewa da tsibirin, karen kuwa ɗan tsibiri ne. Shi kansa yankin ya samo sunansa daga wani matuƙin jirgi ɗan Fotugal, João Fernandes Lavrador, kuma kalmar a harshensu tana nufin manomi. Karen masunci ke nan ya tashi da sunan manomi.

Ƙungiyar rajistar karnuka ta Ingila ta amince da Labrador a matsayin iri mai zaman kansa a 1903, ta Amurka kuma ta yi wa na farko rajista a 1917. Da fari baƙi kawai ake so, amma a 1899 aka haifi Ben of Hyde, na farko mai launin rawaya da aka rubuta, daga baya masu launin ƙasa-ƙasa suka biyo. Farin ƙirjin nan na kakansa kuwa masu gasar kyau suka ƙi shi, suka yi ta tacewa har ya rage sai ɗan ɗigo a jikin wasu.

A ƙarni na 20 aikinsa ya yawaita. Ya zama jagoran makafi, ya zama mai shinshino ƙwaya da nakiya a filayen jirgin sama, ya zama mai neman waɗanda gini ya rufta wa. A Amurka shi ne kan gaba a yawan rajista shekara 31 a jere, daga 1991 zuwa 2021. Mafi yawan waɗannan karnuka ba su taɓa ganin teku ba. A falo suke kwana, kuma babbar cutarsu ita ce ƙiba. A 2016 masu bincike a Jami'ar Cambridge, ƙarƙashin Eleanor Raffan, suka gano cewa kusan ɗaya cikin huɗu na Labrador yana da giɓi a wata ƙwayar gado da ake kira POMC, wadda take cikin abubuwan da ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa ciki ya cika. An sami giɓin a wani irin ma da ya fito daga karen St. John's, abin da ke nuna tsohon gado ne. Yunwar da ba ta ƙarewa ba laifi ba ce ga karen da ke iyo cikin ƙanƙara duk yini, kuma tana sauƙaƙa horo, tunda zai yi komai don loma. Ga karen da ke kwance a kujera kuwa ciwo ce. Haka ma gashin nan mai ninki biyu: a Kano ko Sinnar, inda zafi ke wuce digiri 40 a watan Afrilu, ya zama kaya, domin kare ba ya gumi ta fata kamar mutum, da haki yake rage zafi.

Yadda na asalin ya ƙare

Yayin da jikan ke samun ɗaukaka a Ingila, kakan yana raguwa a gida. Hukumomin Newfoundland sun so jama'a su riƙa kiwon tumaki, karnuka kuwa suna kashe tumaki. Tun a 1780 aka yi dokar da ta hana gida ɗaya ajiye kare fiye da ɗaya. A 1885 aka kafa dokar kare tumaki, aka ɗora wa karnuka haraji, kamar dai jangalin shanu, kuma kuɗin karya ya fi na namiji. Masunci talaka ne. Abin da ya biyo baya shi ne aka riƙa halaka 'yan kwikwiyo mata tun suna ƙanana, iri kuwa ba ya ɗorewa babu mata. A ƙarshen ƙarnin Ingila ta sa dokar killace duk karen da aka shigo da shi, saboda ciwon haukan kare, har abin ya kai wata 6. Cinikin karnuka ta Poole ya mutu, masunta suka rasa ɗan abin da suke samu daga sayar da su.

Aikin kansa ya canja. Jirage suka samu inji, aka koma amfani da manyan tarkunan kifi da ake kafawa a teku, buƙatar kare a jirgi ta ragu. Bayan Newfoundland ta shiga tarayyar Kanada a 1949, gwamnati ta fara kwashe mutane daga ƙananan ƙauyuka zuwa manyan garuruwa. Tsakanin 1954 da 1975 an tashi ƙauyuka kusan 300. Waɗannan ƙauyuka su ne mafakar ƙarshe ta karen, domin nisansu ne ya hana shi gauraya da wasu. Marubucin nan na Kanada, Farley Mowat, ya yi ƙoƙarin ceto irin ta hanyar haɗa nasa, mai suna Albert, da karyar Labrador, amma hakan bai dawo da shi ba.

A ƙarshen shekarun 1970 wani Ba'amurke mai horar da karnuka, Richard Wolters, ya bi sawu har ƙauyen Grand Bruit da ke gaɓar kudu ta tsibirin, inda babu hanyar mota. Ya tarar da biyu, ya ɗauki hotonsu, hoton ya fito a littafinsa na 1981. Baƙaƙe ne masu farin ƙirji, sun tsufa ƙwarai, kuma dukansu maza ne. Ba su wuce farkon shekarun 1980 ba.

Kifin ma bai daɗe a bayansu ba. Manyan jiragen kamfanoni sun kwashe shi har ya kusa ƙarewa, a watan Yuli na 1992 gwamnatin Kanada ta hana kamun kod a arewa maso gabashin tsibirin, mutum kusan 30,000 suka rasa abin yi. An ce hanin na shekara 2 ne, amma sai a 2024 aka sake buɗe kamun na kasuwanci, shi ma da ƙayyadadden adadi. Mutanen Grand Bruit kuwa sun amince a tashe su, suka kwashe kayansu suka bar ƙauyen a 2010.